Abin da Maƙogwaron Barmo Ya Faɗa

A ƙasar Belbeji, in rijiya ta cushe ko bakinta ya fara zubewa, Barmo ake aika wa. Shekara talatin da ɗoriya yana gina rijiyoyi yana yasar su, tun daga garuruwan manoma har mashayar makiyaya ta wajen Tenhya, inda sai an yi gaba arba'in kafin a taɓa ruwa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, mai yawan magana. Ko yana can ƙasan rijiya ana jin muryarsa daga sama yana faɗa da masu jan igiya.

Shekara biyu da suka wuce ya tafi yasar wata rijiyar makiyaya. Su uku suka tafi: shi, da babban ɗansa Safiyanu, da Idrisa, wani baƙo da ya zo daga arewa ya zauna garinsu yana aiki a ƙarƙashinsa. Raƙumi ne ke jan igiyar da ake saukar da mutum da ita a kuma fito da shi. Ranar, ana fito da Barmo, kansa ya leƙo bakin rijiya ke nan, sai raƙumin ya fizga da gudu. Igiyar ta ɗaga shi ta maka kansa da gungumen da take bi ta kai, ta kuma shaƙe masa wuya. A kan amalanke aka kawo shi bakin hanya, ba wanda ya yi zaton zai kai yamma.

Safiyanu ya ce Idrisa ne ke riƙe da akalar raƙumin, ya yi sakaci ya sake ta. Idrisa ya ce ba haka aka yi ba. Amma igiya ta saɓule masa tafin hannu duka biyu, mutane suka ce ai ga shaida nan a jikinsa. Jandarmomi suka tsare shi kwana tara suka sake shi. Daga nan ba wanda ya ƙara kiransa aiki, gaisuwarsa ma ba kowa ke amsawa ba. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Barmo bai mutu ba. Ya yi wata uku a asibiti a Damagaram, aka maido shi gida a kwance. Hannu da ƙafa ba sa motsi, baki ya karkace, murya ta tafi gaba ɗaya. Idanunsa kuwa ba sa tsayawa wuri ɗaya, kullum yawo suke yi. Likitoci sun ce da wuya a ce yana gane abin da ke faruwa. Mutanen gari suka ɗauka haka. Masu zuwa dubiya sukan zauna gefen gadonsa su yi hirarsu, su ambace shi kamar wanda aka riga aka binne. Matarsa Zainabu ce ke juya shi, ta wanke shi, ta ba shi kunu da ƙaramin ludayi. Babbar fargabarta ƙwarewa, don sau biyu kunu ya bi masa ta wata hanya har ya kusa tafiya.

Saboda wannan fargabar ne Radiya ta zo da abin da ta zo da shi. Radiya ƴar ƙanwar Barmo ce, a Tanout ta tashi, ta yi karatun haɗa sinadarai, shekara huɗu tana aiki a wani ɗakin bincike a ƙasar waje. Lokacin da abin ya faru ba ta nan. Ta iso garin ana tsakiyar girbin gero, da hantsi, a bayan moto, wato babur.

Ta durƙusa gaban gadon ta ce, "Kawu, ina kwana? Ni ce Radiya."

Idanun suka wuce ta kanta suka tafi rufin ɗaki. Ta daɗe a durƙushe kafin ta iya tashi.

Safiyanu ya leƙo zai tafi gona, lauje a kafaɗa. Shi da Radiya taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa ba tsokana.

"A'a, su malama likitan roba an iso? Me kika kawo mana daga ƙasar Turawa, ko hannu biyu kika zo kamar kullum?"

"Na kawo wa Kawu, ban kawo wa ragwaye ba," in ji ta. Ya yi dariya ya fita.

Ta buɗe wani ɗan akwati ta fito da ziri baƙi mai laushi, tsawon ɗan yatsa, faɗinsa kamar ganyen albasa. Ta ja shi ya miƙe har ninki uku, ta sake shi ya koma yadda yake.

Zainabu ta ce, "Wannan kuma mene ne? Kamar jijiya."

"Inna, da ƙaro muka yi shi, irin wanda ake tsinta a dajin nan namu, muka haɗa da garin gawayi mai laushi ƙwarai da wasu abubuwa. Wuta ƴar kaɗan ke bi ta cikinsa. In fata ta motsa ko yaya, shi ma sai ya miƙe, wutar ta canza, wayata ta zana mini a fuskarta. Zan manna shi a maƙogwaron Kawu. In kin ba shi kunu, za ki ga lokacin da ya haɗiye, sannan ki ƙara wani. Ba sai kina zato ba."

"Ba ya ciwo?"

"Ko kaɗan. Guda ɗaya ke gare ni, ba a fara sayar da shi ba, har yanzu gwaji muke yi."

Ta goge wuyan da ruwa, ta manna zirin a kan ƙashin maƙogwaro, ta haɗa shi da wani ɗan maɓalli da ta liƙa a wuyan rigarsa. A fuskar waya layi ya fito a miƙe. Zainabu ta zuba kunu, layin ya yi tudu babba ya sauka. Ta sake zubawa, ya sake yi. Zainabu ta riƙe baki.

"Ikon Allah. Yau na ga haɗiya da idona."

Suka gama, suka zauna hira, wayar na kan tabarma tsakaninsu. Rana ta take, ladan ya fara kiran azahar a masallacin da ke bayan gidan. Ya yi kabbara ya tsaya jan numfashi. Idon Radiya ya faɗa kan wayar, sai ta ga layin ya yi ƙananan tuddai a jere, ba irin na haɗiya ba, ya koma ya kwanta. Ladan ya ci gaba, layin na kwance. Ladan ya yi shiru, layin ya tashi.

Ta ɗauki wayar. Sau uku abin ya maimaita, daidai wurin da ladan ke tsayawa.

"Inna, yi shiru. Zo ki gani."

"Me ya faru? Ya ƙware?"

"Ba ƙwarewa ba ce. Ki duba. In ladan na magana, ya tsaya. In ladan ya yi shiru, ya fara."

Zainabu ta matso. Ladan ya kai wurin kiran mutane su taho salla, ya tsaya. Wannan karon tuddan suka yi tsawo fiye da na baya, suka daɗe ba su ƙare ba. Leɓen Zainabu na motsi tare da su ba ta sani ba, don ita ma amsawa take yi, kuma a nan ne ake faɗin la haula. Ita da layin suka gama tare.

Ludayin ya faɗi daga hannunta.

"Radiya, amsa kiran salla yake yi."

Radiya ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta yi shekaru tana manna wannan abu a gwiwar ɗalibai da yatsun roba a ɗakin bincike, ba ta taɓa jin tsoronsa ba sai yau. Ta jira ladan ya gama, ta matsa kusa da kunnensa.

"Kawu, in kana jina, ka ce i."

Shiru. Sannan layin ya yi tudu ɗaya ƙarami.

"Yanzu ka ce a'a."

Tudu biyu, ɗaya na bin ɗaya.

"Sunanka Zakari?"

Tudu biyu.

"Sunanka Barmo?"

Tudu ɗaya.

Zainabu ta ja da baya har bayanta ya bugi bango, ta zame ta zauna. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, kana ji? Duk shekara biyun nan kana ji?"

Tudu ɗaya.

Ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka kawo shi a amalanke. "Na faɗi maganganu a ɗakin nan. Ranar da na gaji na ce Allah ya hutar da kai ya hutar da ni, a gabanka na faɗa. Malam, ka ji wannan ma?"

Tudu ɗaya.

"Ka yafe mini?"

Tudu ɗaya, nan take, ba jinkiri.

Kafin la'asar sun san abubuwan da shekara biyu ba su sani ba. Kwanciyar gefen hagu na yi masa ciwo a ƙugu. Kunun na zuwa masa da zafi fiye da kima. Ba ya son sukari a ciki, tun can ma ba ya so, Zainabu ce ta fara sa masa don ta ji an ce yana ƙara ƙarfi. Yana son a riƙa fitar da shi inuwar aduwa da safe. Maƙwabta mata biyu suka shigo jin kukan, suka ga abin da idonsu, suka fita ba sallama. Ɗaya daga cikinsu ta tsaya a zaure tana tuna abin da ta taɓa faɗi a ɗakin nan.

Safiyanu ya dawo daga gona da damin gero a ka, ya tarar da tsakar gida cike da mutane, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Aka gaya masa. Ya sauke damin a hankali, ya shiga ɗakin ya tsaya bakin ƙofa.

"Yaya Safiyanu, zo ka gaishe shi," in ji Radiya. "Yana jinka."

"Wasa kike yi."

"Ba wasa yau. Kawu, Safiyanu ne ya shigo?"

Tudu ɗaya.

Safiyanu ya dubi wayar, ya dubi mahaifinsa. "Wannan ai na'ura ce. Abin da kika sa mata shi take yi."

"To ka tambaye shi abin da ban sani ba."

Bai tambaya ba. Yana nan tsaye sai layin ya fara wani abu dabam, tuddai uku a jere, ya tsaya, ya sake yin ukun, ya sake. Ba wanda ya yi tambaya.

Radiya ta ce, "Magana yake so ya yi. Wayar ba ta iya karanta kalma ba tukuna, sai dai mu yi ta tambaya. Kawu, wani abu kake so a kawo maka?"

A'a.

"Mutum kake kira?"

I.

Zainabu ta fara jero sunaye, ƴaƴansa, ƙannensa, liman, mai gari. Duk a'a. Sannan ta ce da murya ƙasa, "Idrisa?"

I.

"Allah sarki. Allah ya isa kake yi masa ko? Ai mun daɗe muna yi maka."

A'a. A'a. A'a. Sau uku, har wuyan ya jiƙe da gumi, numfashinsa ya fara sama-sama. Radiya ta kife wayar.

"Ya isa haka. Ya gaji ƙwarai. Shekara biyu bai yi aiki irin na yau ba. A bar shi ya huta, gobe da safe mu ci gaba."

Ta juya, Safiyanu ba ya bakin ƙofa.

Washegari da hantsi aka fitar da Barmo inuwar aduwa kamar yadda ya nema. Safiyanu bai tafi gona ba. Ya ce tunda mutane za su yi ta zuwa, gara ya gyara wa Baba gemu, dama shi ke yi masa aski duk Juma'a. Zainabu na gindin murhu, Radiya ta shiga ɗaki ɗauko wayarta daga wurin caji. Tana kunna ta ta ga layin ya ɓace, fuskar ba komai.

Ta fito da sauri. Safiyanu na tsugune da aska a hannu. Zirin na nan manne a wuyan Barmo, amma ya rabu biyu, yanka ɗaya a tsakiya, tsaf, fatar ƙarƙashi ko ƙwarzane babu.

"Hannuna ya zame," in ji shi. Bai ɗago ba. "Wallahi ban lura ba. Kin ce ɗaya ne ko?"

Zainabu ta taho da gudu, ta ga abin, ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Allah! Jiya-jiya aka ba ni shi, yau ka yanke? Safiyanu, bakin ubanka ka yanke!"

Mutanen da suka fara taruwa a zaure suka shigo. Radiya ta dubi yankan, ta dubi ɗan kawunta. Ta wanke hannu, ta durƙusa, ta sa yatsa biyu ta turo guntayen a hankali har bakinsu ya haɗu, ta danne.

"Me kike yi?" in ji Safiyanu.

"Jira nake."

"Jiran me? Abin da aska ta raba?"

"Inna, daina kuka. Ba a gyara shi da ɗinki ko da wuta. Haɗa shi kawai ake yi. Abin da ke riƙe shi ciki kamar ƙananan hannuwa ne masu yawan gaske, in an raba su aka sake kusanto su sai su kama juna. Ɗumin jiki na taimaka masa. Wannan shi ne aikin da na yi shekara huɗu ina yi."

Ana jin tukunya na tafasa a murhu ba mai kula ta. Bayan kamar minti goma ta ɗauke yatsunta. Wurin yankan ya zama ɗan zare siriri. Ta kama gefe ɗaya ta ja kaɗan, zirin ya miƙe gaba ɗayansa, bai rabu ba. A fuskar wayar layi ya dawo.

Wani dattijo maƙwabci ya ce "La'ilaha illallahu," ya ja da baya taku biyu. Wata mata ta kama hannun ƴar'uwarta. Safiyanu ya miƙa wuya ya duba, bakinsa a buɗe, askar na hannunsa har yanzu.

"Na yanke shi," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ni na yanke shi. Na ga ya rabu."

Radiya ta ce, "Kawu, kana jina?"

I.

Ba ta so ta yi tambaya ta gaba ba. Zainabu ce ta yi ta, idonta a kan ɗanta.

"Malam, kuskure ne ya yi?"

Layin ya daɗe a kwance. Sannan ya yi tudu biyu.

Zainabu ta dafa gadon. "Me ya sa ɗanka zai yanke maka baki? Malam, zancen Idrisa ne?"

I.

"Ranar rijiya, Idrisa ne ke riƙe da raƙumin?"

A'a.

Su uku ne a bakin rijiyar nan, kowa ya sani. Zainabu ta buɗe baki za ta sake tambaya.

Askar ta faɗi cikin rairayi. Safiyanu ya zauna daɓas.

"Kar ki tambaye shi, Inna. Kar ki wahalar da shi. Ni ne. Ni ke riƙe da akala. Wayata ta yi ƙara, wurin kuwa rezo ba ƙarfi, ba a jin maganar waya sai a kan tudu. Na ce taku kaɗan ne, na ɗora akalar a wuyan raƙumin na juya. Ban san abin da ya tsorata shi ba. Na waiwayo na ga Baba a sama. Idrisa ne ya yi tsalle ya kama igiyar, tana ja tana cin hannunsa bai saki ba, har ya samu ya yanke ta ya riƙe Baba a bakin rijiya. Da ba don shi ba da can ƙasa ya faɗa."

"Hannunsa," in ji dattijon nan. "Hannun da muka ce shaida ne."

"Da mutane suka zo suka tambaya, bakina ya riga ni. Na ce shi ne. Daga baya na kasa janyewa. Likita ya ce Baba ba ya gane komai, na ce to shi ke nan, ni da Allah." Ya juya wajen gadon, amma bai iya duban fuskar ba. "Baba, duk Juma'ar da nake maka aski, ka sani?"

I.

Ya kife fuska a gwiwa. Zainabu ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa.

"Na tofa wa matar Idrisa yawu a bakin rijiyar gari," ta ce. "A gaban ƴaƴanta."

Mai gari ya zo da kansa kafin azahar, ya zauna kusa da gadon, Radiya ta nuna masa yadda ake gane amsar. Ya yi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, ya juya su ta wata fuska ya sake yi, amsar ba ta canza ba. A ƙarshe ya ce, "Barmo, kana so a kai ɗanka ga hukuma?"

A'a.

"Kana so a nemo Idrisa?"

I.

"Wa zai je? In aika?"

A'a.

"Safiyanu ya je da ƙafarsa?"

I.

Aka ji labarin Idrisa na Tanout. Ranar kasuwar garin suka tafi, Safiyanu da Radiya, a bayan motar ɗaukar hatsi. Tafiyar awa uku ba wanda ya tsokani wani. A tasha aka nuna musu inda Idrisa yake, bayan rumfunan masu gero, yana ɗinke bakin buhuna. Ya rame. Yatsunsa biyu na dama sun lanƙwashe ba sa miƙewa, da hagu yake riƙe basilla.

Ya ga Safiyanu, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Safiyanu ya durƙusa a cikin ƙaiƙayi, a gaban masu awo da masu dako, ya faɗi duk abin da ya faɗa a gida. Idrisa bai ɗago ba har ya gama buhun, ya ƙulla zaren, ya yanke da haƙori.

"Yau ka tuna? Wa ya mutu?"

Radiya ta ce, "Ba wanda ya mutu, Malam Idrisa. Ni ƴar ƙanwar Barmo ce. Shi ya aiko mu."

"Barmo ba ya magana."

"Yana yi. Sunanka ne kalmar farko da ya nema da kansa."

Basillar ta tsaya. Ya dube ta sosai, yana neman alamar ƙarya. Ta ba shi labarin zirin, da kiran salla, da aska. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama sai ya zauna kan buhun.

"Kenan ya gani. Duk lokacin nan akwai wanda ya gani." Ya goge fuska da gefen rawani. "Na rantse da Alƙur'ani a gaban mai gari, aka ce baƙo ne, ba a san asalinsa ba. Ƴata Firdausi an fasa karɓar ta a makarantar allo ta unguwa. Ka san wannan?"

"Ban sani ba," in ji Safiyanu.

"Ba ka tambaya ba." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Zan je don Barmo. Amma ba zan shiga mota ɗaya da kai ba. Kuma abin da ka faɗa nan, za ka faɗe shi a ƙofar masallacin garinku bayan Juma'a, ina tsaye. Zancen yafiya ka bar shi tukuna, ban kai can ba."

Haka aka yi. Safiyanu ya faɗa a ƙofar masallaci, mutane suka watse ba mai duban wani. Wasu suka bi Idrisa suna miƙa masa hannu, ya karɓi na wasu. Zainabu ta tafi Tanout da kanta wajen matarsa. Abin da suka ce da juna ba ta gaya wa kowa ba. Bayan an gama girbi Safiyanu ya tafi ci-rani, abin da bai taɓa yi ba, ya bar wa ƙaninsa gona.

Radiya ta yi sati uku a garin. Ta koya wa Zainabu yadda ake cire zirin a wanke wuyan, da yadda ake ajiye shi cikin akwatinsa in zafi ya yi yawa, don in ya bushe ba ya aiki. Ta gaya mata gaskiya, bai fi wata biyu zai yi ba, amma za ta aiko da wasu. Ta bar mata tsohuwar wayarta. Kafin ta tafi sun koya wa wayar gane kalma shida daga maƙogwaronsa, har da ruwa, da juya ni, da ya isa.

Ana gobe za ta tafi Idrisa ya sake zuwa. Ya zauna a inuwar aduwa kusa da gadon, ya gaishe shi, ya fara magana kamar mai jin nauyi.

"Maigida, mutanen Falanko sun kira ni aiki. Suna da rijiyar da ke yamma da gari, wadda ka taɓa dubawa. Sau biyu suna gyara ta tana zubewa. Ni dai ban gane ba. A sake gyara ta?"

A'a.

"Rairayin ƙasa ne ke gudu?"

I.

"To a gina sabuwa. Kusa da ita?"

A'a.

"Gabas, wajen kwarin?"

A'a.

"Kudu, inda gawon nan yake?"

I.

Idrisa ya gyara zama, ya matso, ya share ƙasa da tafin hannu ya fara zana da tsinke. Ya tambayi zurfi, ya tambayi inda za a fara ɗaurin siminti, ya tambayi ko dutsen da aka tarar a gaba ashirin zai sake fitowa. Wani wurin ya yi gardama, ya ce shi yana ganin ba haka ba, layin ya ba shi tudu biyu sau biyu a jere. Zainabu ta kawo kunu ta tsaya da kwanon a hannu.

"Malam, in ba ka yanzu?"

A'a.

Ta ajiye ta rufe da faifai, ta koma gindin murhu. Sai da aka yi la'asar Idrisa ya tashi. Bayan kwana goma ya fara ginar rijiyar Falanko, taku talatin kudu da gawon.